Feshin Busar da Amfanin Gona Kafin Girbi: Ceto ne ko Ganganci?

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Sikotland da Kanada da arewacin Jamus, manomin alkama ba ya samun rana mai ƙarfin da za ta busar masa da hatsi tun yana tsaye a gona. Girbinsu yana faɗowa ne a ƙarshen ɗan gajeren lokacin zafi, daga watan Yuli zuwa Satumba, wata shekarar har Oktoba, daidai lokacin da yini ke raguwa, raɓa ke kaiwa hantsi ba ta bushe ba, ruwan sama kuma ba shi da ranar ɗaukewa. Girbin ma ba da lauje ake yi ba. Inji guda ne ke yanka, ya sussuke, ya sheƙe, ya zuba tsaba a tirela, duk a tafiya ɗaya. Shi kuwa wannan inji, duk da girmansa da tsadarsa, ba ya shiri da ɗanyen abu.

Wannan ne ya haifar da wata dabara da ta fara kafuwa a Sikotland a shekarun 1980, daga nan ta bazu zuwa sauran Turai da Kanada da arewacin Amurka. Ana saura mako ɗaya ko biyu a yi girbi, sai a bi gona da feshin maganin kashe ciyawa, amfanin da ciyawar da ke cikinsa su mutu tare, su bushe tare. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne glifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fitar kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Yana shiga ta ganye, ya bi jikin shuka har saiwa, ya toshe hanyar da take haɗa wasu sinadaran gina jikinta, ta mutu a hankali. Na biyu shi ne dikwat, wanda aka sani da Reglone. Shi ƙona duk inda ya taɓa yake yi cikin 'yan kwanaki, ba ya kaiwa saiwa, kuma an fi fesa shi ga ganyen dankalin Turawa da dangin wake da kanola, shukar nan mai ƙananan ƙwayoyi da ake matse man girki daga cikinsu.

Tambayar da ta raba kan manoma da masu injin niƙa da likitoci da 'yan majalisa ita ce: ya dace a fesa wa abinci maganin kashe shuka ana saura kwana bakwai a girbe shi?

Hujjar masu feshi

Manomin da ke feshi zai ce maka mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gona ba ta nuna rana ɗaya. Kan tudu alkama ta yi ja ta bushe, cikin kwari tana nan shar. Inda ruwa ya kwanta da farkon shekara, ko inda zomaye da agwagin daji suka yi kiwo, shukar ta sake toho, ta fitar da zangarniya a makare. Ga kuma ciyawa mai ɗanyen ganye da ta ratso tsakani. Idan injin girbi ya shiga irin wannan wuri, direba yakan ji tun daga ƙarar injin: sai ta yi nauyi, ɗanyen kara ya naɗe a jikin gangar sussuka, ganye ya liƙe ramukan rariya, tsaba ta riƙa bin ƙaiƙayi tana zuba ta baya. In abin ya yi tsanani gangar ta cije, sai a kashe inji, mutum ya sauko ya riƙa zaro cushen da hannu, yana yi yana kallon hadarin da ke haɗuwa a yamma. Tsabar da ta shiga tanki busasshiya kuma, gutsattsarin ɗanyen ganye su sake jiƙa ta.

Abin da ya sa awa ɗaya ke da tsada haka shi ne abin da ruwa ke yi wa nunanniyar alkama. Da zarar ta sha ruwa a kan kara, sai ƙwayar ta fara shirin tsira, ta saki wani sinadari da ke narkar da sitacin cikinta, tun ido bai ga tsiro ba. Garin irin wannan alkama ba ya yin burodin kirki: cikinsa ya yi danƙo, ya ƙi yankuwa. Masu saye suna da gwajin da ke tona asirinta, wanda ke ɗauke da sunan Hagberg, wani masani ɗan ƙasar Siwidin. Ana niƙa giram 7 na alkamar, a dama da ruwa a cikin siririn bututun gilashi, a tsoma a tafasasshen ruwa ana motsawa har minti ɗaya, sannan a saki ɗan sandan ƙarfe a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya nutse. In sitacin lafiya lau yake, damun ya yi kauri, sandan ya sauka a hankali. In ya lalace, sai ya faɗa sululu. A Birtaniya masu niƙa suna neman daƙiƙa 250. Alkamar da ta gaza, komai kyawunta a ido, ta tashi daga abincin mutane ta koma ta dabbobi, farashinta ya faɗi. Shekarar 2012 ba ta fita daga ran manoman ƙasar ba: ruwa ya yi ta zuba duk lokacin zafi, ingancin alkama ya lalace, ƙasar da ta saba fitarwa ta koma shigowa da ita. Mai feshi yana cewa duk abin da zai ba shi damar shiga gona kwana uku kafin ruwa na gaba, ba abin rainawa ba ne.

Sai kuɗin busarwa. A Birtaniya ana cinikin alkama ne a kan danshin kashi 15 cikin ɗari, kanola kuma kashi 9. Wanda ya yanko alkamarsa da danshin kashi 20, dole ya fitar da ruwa kusan kilo 59 daga kowane tan kafin ta shiga rumbu ba tare da ta yi zafi ta yi fumfuna ba. Mai tan dubu ke nan zai ƙone ruwa tan 59 da gas ko man dizal. Masu feshi suna tambaya: tsakanin 'yan litocin magani a hekta da tankin mai da injin busarwa ke sha dare da rana, wanne ya fi cutar da muhalli?

A Kanada abin tsoro ya wuce ruwa. A jihohin Saskacewan da Alberta da Manitoba, tsakanin sanyin ƙarshe mai kashe shuka da na farko bai fi kwana ɗari da 'yan kai ba. Idan sanyi ya sauka wa kanola ba ta gama nuna ba, koren launi ya kafe a cikin ƙwayar, kuma samfurin da ke da koren ƙwaya fiye da kashi 2 cikin ɗari ya fita daga daraja ta ɗaya. In aka ce a jira ta nuna da kanta, kwanson da ya riga ya bushe yana fashewa da kaɗawar iska, iri ya watse a ƙasa. Gaba kura, baya sayaki. A 2019 ruwa da dusar ƙanƙara sun rufe girbi tun watan Satumba, miliyoyin eka suka kwana a gona har bayan hunturu.

Akwai kuma hujjar da ita ce asalin abin. Da farko ba don busarwa aka fara feshin ba; don yaƙar wata ciyawa ce mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, wadda garma ke daddatsawa kowane gutsure ya zama sabon tushe. Gab da girbi ciyawar na da ganye sosai, tana kuma tura abinci zuwa saiwa, saboda haka maganin ke binta har can. Manomin da ya kashe ta ta wannan hanya ya rage kaftu, ƙasarsa ta rage zaizayewa, ya rage shan mai.

Daga ƙarshe sukan ɗora da cewa abin yana da ƙa'ida. Ba a feshi sai danshin ƙwaya ya sauko ƙasa da kashi 30, lokacin da uwa ta riga ta daina shayar da ita. Manomi yakan murza zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya danna ƙwaya da farcen babban yatsa. In ta fashe ta fitar da farin ruwa ko ta yi laushi kamar ƙulli, da saura. In farcen ya bar shaida a jikinta, shaidar kuma ta tsaya ba ta ciko ba, lokaci ya yi. A Birtaniya, bayan feshi ba a girbin hatsi sai an yi kwana 7, kanola kwana 14. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai da hukumar kare muhalli ta Amurka duk sun duba glifoset, sun ce in an bi ƙa'ida ba su ga alamar yana jawo sankara ba. To, in ji manomi, laifin me na yi?

Hujjar masu adawa

Masu adawa suna farawa ne da lokacin feshin. Maganin da aka fesa kafin shuka yana da watanni ya lalace a cikin ƙasa, kuma bai taɓa ƙwayar da za a ci ba. Wanda aka fesa ana saura mako guda, a kan zangarniyar kanta yake sauka. Shi ya sa feshin gab da girbi ne babbar ƙofar da glifoset ke bi ya shiga hatsi. Hukumar binciken abinci ta Kanada ta gwada samfurin abinci 3,188 tsakanin 2015 da 2016, ta sami ragowarsa a kashi 29.7 cikin ɗari, kashi 1.3 kuma sun haura iyakar da doka ta sa. Ragowar ta fi taruwa a dusa, wato wanda ya bi shawarar likita ya koma cin burodin alkama da ba a cire wa dusa ba, shi ya fi kwasa. Ƙungiyar Soil Association ta Birtaniya ta daɗe tana kamfe a kan wannan, tana neman a haramta feshin ga alkamar burodi.

Na biyu, ba duk masana ne suka wanke maganin ba. A watan Maris na 2015, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya glifoset a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo sankara ga ɗan Adam. A 2018 masu taimaka wa alƙali a wata kotun Kalifoniya suka yanke wa Monsanto diyyar dala miliyan 289 ga Dewayne Johnson, mai kula da filayen makaranta da ya kamu da sankara bayan ya riƙa fesa maganin, ko da yake an rage kuɗin daga baya. Kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto a wannan shekarar, ya ware fiye da dala biliyan 10 a 2020 don sasanta dubban ƙararraki, ba tare da ya amsa laifi ba. Masu adawa suna cewa abin da ake jayayya a kansa har haka, ko da za a bar shi a gona, bai kamata a kusanto da shi bakin akushi ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi kaifi, domin da sandar masu feshi take dukansu. Ƙa'ida ta ce kada a yi feshi sai danshi ya sauko ƙasa da kashi 30, kuma a Kanada ƙungiyoyin masu hatsi da kansu suna jaddada cewa ɓangaren gonar da ya fi ɗanye za a auna. To amma wace gona ce ke buƙatar feshi? Wadda ba ta nuna tare ba. Wato gonar da ta fi buƙatar maganin ita ce wadda ke da zangarniyar da ba ta kai a fesa mata ba. Ita wannan ɗanyar zangarniya har yanzu tana shan abinci daga uwa, sai maganin ya bi wannan hanya ya shiga cikin ƙwayar, ta motse, ragowar ta yi yawa. In kuwa manomi ya jira har ɓangaren ɗanye ya kai, mafi yawan gonar ta riga ta bushe da kanta, amfanin feshin ya ragu. Ƙa'idar tana da kyau a jikin galan. A hannun mutumin da ke da hekta ɗari biyar da inji ɗaya da hasashen ruwa ranar Alhamis, wa ke tsaye a kansa?

Suna kuma nuni da cewa masana'antar da kanta ta san da matsala. An hana feshin ga amfanin da za a ajiye don iri, saboda yana raunana tsiro. Yawancin masu sayen sha'ir da ake jiƙawa ya tsira don yin malti ba sa karɓar wanda aka fesa wa. A 2015 kamfanin Grain Millers, ɗaya daga cikin manyan masu sarrafa hatsin ots a Arewacin Amurka, ya daina sayen wanda aka yi wa feshin, kuma dalilin da ya bayar na inganci ne: hatsin da aka kashe kafin ya gama nuna ba ya sarrafuwa da kyau.

Ribar ma, in ji su, an kambama ta. Gwaje-gwajen da hukumar bunƙasa noma ta Birtaniya ta ɗauki nauyi sun nuna cewa a gonar hatsi mai tsabta da ta nuna bai ɗaya, feshin ba ya rage danshin ƙwaya wani abin a zo a gani. Ga kuɗin magani, ga motar feshi da ke ratsa nunannen amfani tana tattakewa da kakkaɓewa. Ga kuma ciyawa da ke sabawa da maganin in an yawaita shi: an fara ganin wadda ba ta jin glifoset a gonakin Ostireliya a 1996, an tabbatar da wata a Alberta a 2011, a farkon 2025 kuma aka sanar da ta farko a Birtaniya, a yankin Kent. Makamin da ya kamata a ɓoye don ranar yaƙi, ana dakusar da shi a aikin da rana za ta iya yi.

Kuma akwai wasu hanyoyin. Manoman Kanada sun daɗe suna yanke kanola da hatsi su kwantar a jere a kan kututture, iska ta busar kafin inji ya zo ya tsince, kamar dai yadda manomin gero ke sare kara ya shimfiɗe shi ya sha iska kafin a yanke zangarniya a ɗaure dami. An samar da irin kanola mai kwanson da ba ya saurin fashewa, da irin alkama mai nuna da wuri. Ostiriya ta hana feshin busarwa a 2013, Italiya a 2016, Jamus a 2021, kuma babu wadda ta daina noma.

Awo

Idan aka ɗora hujjojin nan a sikeli, za a ga kowane ɓangare yana da inda ya yi ƙarin gishiri.

Masu adawa suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Shaidar da ake jayayya a kanta game da sankara ta fi shafar masu fesa maganin da hannunsu shekara da shekaru, ba mai cin yankan burodi ba. Cibiyar Liyon tana amsa tambayar ko abu na iya jawo cuta a wani yanayi, hukumomin abinci kuma suna amsa ko yawan da mutum ke ci ya isa ya cutar. Shi ya sa maganganunsu suka bambanta ba tare da wani ya yi ƙarya ba. Alƙaluman Kanada ma suna da fuska biyu: kusan kashi 99 cikin ɗari na abin da aka gwada bai haura iyaka ba. Misalin Italiya kuwa ba ya ɗaukar nauyin da ake ɗora masa. Alkamar taliya ta kudancin Italiya tana nuna ne cikin zafin watan Yuni, ba ta buƙatar feshi tun asali. Hanin bai ci manomin Sisili komai ba, ya ma ba shi makamin yaƙar alkamar Kanada: ƙungiyar manoma ta Coldiretti ta yi zanga-zanga a tashoshin jiragen ruwa, gwamnati ta tilasta rubuta asalin alkama a jikin ledar taliya, cinikin alkamar Kanada a Italiya ya faɗi warwas a 2018. Lafiya na ciki, kasuwa ma na ciki. Kwantar da amfani a jere shi ma ba tsira ba ne a ƙasa mai yawan ruwa: in ruwan mako guda ya sauka a kan jeren, sai ya tsira a kwance. Da Tarayyar Turai ta ƙi sabunta lasisin dikwat a 2018 aka daina amfani da shi a farkon 2020, masu dankali ba su daina kashe ganye ba. Sun koma sassabe shi da inji da fesa wasu magunguna masu jinkirin aiki, sau da yawa da ƙarin zirga-zirga a gona.

Su ma masu feshi akwai inda ƙafarsu ke rawa. Cewa ragowar ba ta haura iyaka ba gaskiya ne, amma ita iyakar ana tsara ta ne bisa abin da ake sa ran samu in an yi noma yadda aka amince, sannan a duba ko lafiya za ta ɗauka. Shi ya sa ta bambanta: a Tarayyar Turai miligiram 10 a kilo ga alkama, 20 ga sha'ir da ots, a Amurka 30. A 2012 Tarayyar Turai ta ɗaga iyakar da ta sa wa waken adas daga 0.1 zuwa 10, ninki ɗari, don a sami damar shigo da wanda aka yi wa feshin busarwa. Mai yiwuwa 10 ɗin ma ba ta cutarwa, amma mai saye yana da haƙƙin ya yi tambaya idan ya ga katanga ce ke matsawa don ta bai wa al'ada wuri. Kuma mafi yawan misalan da masu feshi ke kawowa na muguwar shekara ne: 2012 a Birtaniya, 2019 a Kanada, gonar da ta kwanta, gonar da ciyawa ta cinye. Ba kowace shekara ce haka ba. A wurare da dama feshin ya tashi daga ceto ya zama jadawali: ana yin sa ne don a jera gonaki bi da bi yadda inji ɗaya zai iya cinye ƙasar da da injuna biyu ke yi. Wannan ribar ta manomi ce da mai ba shi bashi, ragowar kuma ta mai ci ce, wanda ba a shawarce shi ba.

Tarayyar Turai ta yi ƙoƙarin raba gardamar a watan Nuwamba na 2023. Bayan ƙasashen sun kasa samun rinjayen da ake buƙata, hukumar zartarwa ta sabunta lasisin glifoset na shekara goma, zuwa Disamban 2033, amma ta haramta amfani da shi don busar da amfani kafin girbi. Birtaniya da ta fice daga Tarayyar a 2020 ba ta bi ba a Ingila da Sikotland da Wels. Sai dai dokar tana da wahalar tsaro, domin abin da ta hana shi ne feshi don busarwa ko daidaita ranar girbi. Inda ƙasa ta bar ƙofar feshi don kashe ciyawa a buɗe, magani ɗaya ne, mota ɗaya, mako ɗaya. Bambancin yana cikin niyya, ita kuwa niyya ba ta fitowa a gwajin ɗakin bincike.

A nawa ganin, hanin baki ɗaya zalunci ne ga manomin arewacin Sikotland da na Saskacewan a shekarar da sama ta juya musu baya, domin barin abinci ya ruɓe a gona shi ma hasara ce da kowa ke biya. Sakin abin kara zube kuma raini ne ga mai ci. Feshin ya cancanci matsayin maganin gaggawa: a yi shi ga gonar da aka ga dalilinta da ido, bayan masanin gona ya duba ya sa hannu, a rubuta danshin ɓangaren da ya fi ɗanye da ranar feshi da ranar girbi, takardar ta bi hatsin har wurin mai niƙa. Gonar da ta nuna tsaf, a bar ta da rana. Wanda kuma yake son hatsin da ba a taɓa fesa wa ba, kamfani ne ko gwamnati, ya sa hannu a aljihu ya biya kuɗin busarwa da hasarar shekarar da ruwa ya yi gardama. Abin da ba shi da kyau shi ne a tsaya a kanti ana neman burodi mai arha da babu ɗigon magani a cikinsa, a bar wa manomi shi kaɗai ɗaukar nauyin biyun.

Wannan gardama ta Turawa ce, amma ba ta tsaya a ƙasashensu ba. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya don burodi da taliya da samobita daga waje take zuwa, har da Kanada da Amurka da ƙasashen arewacin Turai, saboda haka ƙa'idar da aka bi ko aka karya a can tana ƙarewa a teburin mai shayi. Ita kuwa alkamar rani ta Kadawa da kwarin Haɗeja, da ake shukawa a Nuwamba a girbe cikin zafin Maris da Afrilu, ba ta da wani uzurin feshin busarwa. Inda ya kamata a sa ido shi ne shinkafa, yanzu da injin girbi na haya ke yawaita a fadamun Kano da Jigawa da Kebbi. Injin haya ranar da ya zo ita ce ranarsa, kuma matsin da ya tura manomin Turai ga feshi ke nan: gona ta jira inji, ko a tilasta mata ta shirya. Can Turai akwai na'urorin auna danshi a gonaki, da ɗakunan gwaji a kamfanonin niƙa, duk da haka ana samun wanda ya haura iyaka. A kasuwar da ake ciniki da kwano babu mai auna komai sai cika. Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar ragowar magani a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenta saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa wajen ajiya. Ƙasar da ba ta gama fita daga wancan ba, bai kamata ta ɗauko wa kanta al'adar da ko masu ita, da duk kayan awonsu, suna ja da baya daga gare ta ba.